Mai-Maiƙo a Tagar Auta

Asabar, 2 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na buɗe wannan littafi ne domin in riƙa rubuta ranakun da na shayar da tsiron Auta, ba don komai ba. Na kafa wa kaina wannan sharaɗi tun a layin farko saboda na san halina. Shekara ashirin da shida ina zaune a maɗaba'a ina gyaran rubutun jama'a, ina datse musu abin da ya yi yawa, amma nawa alƙalamin bai taɓa jin tsawa ba.

Yau kwana tara da tafiyarta. Ta koma gidan mijinta da jaka ɗaya, tun kafin cikar hutun da likita ya ɗiba mata, ta bar akwatin gilashin da tsiron yake ciki a kan tebur, gaban tagar ɗakin da ta girma a ciki. A bakin ƙofa ta yi wa mahaifiyarta magana, ina tsaye a gefe kamar bango: "Umma, ranar talatin ga watan gobe zan aiko a ɗauka. Ruwan sama ko wanda ke ɗiga daga na'urar esi, ban da na famfo. Ban da taki. Murfin kuma a bar shi a buɗe." Ni ko kallo ban samu ba.

Abin da ke cikin gilashin bai kai tafin hannu ba. Ganyaye ne masu faɗi, kore mai haske, a kwance kan tsakuwa da yashi mai kauri, kowane ɗauke da ƙananan ɗigo masu ƙyalli kamar an shafe shi da man shanu. Don haka take kiransa Mai-Maiƙo. Sunansa na littafi, Pinguicula, yana rubuce da hannunta a kan ɗan katako. Idan ƙaramin ƙwaro ya sauka zai sha raɓa, sai ya maƙale, ganyen ya narkar da shi sannu a hankali ya tsotse. A wurin aikinta, inda ake renon tsirrai, ta samo shi shekara biyu da suka wuce, kuma shi kaɗai ta ce a kawo mata ranar da aka sallamo ta daga asibiti zuwa gidan nan. Mako uku ta yi tana zaune a gabansa, ba ta cewa uffan.

Buri biyu gare ni: in miƙa shi da ransa, ita kuma ta zo karɓa da ƙafarta. Na farkon yana hannuna. Ina fata shi zai jawo na biyun.

Lahadi, 3 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na ajiye ɓawon ayaba a murfin kwalba kusa da gilashin, kamar yadda na ga tana yi, domin ya tara ƙananan ƙudajen nan masu jan ido. Ummansu ta leƙo, tsintsiya a hannu.

"Baban Auta, mu muna korar ƙuda, kai kana yi masa walima?"

"Abincin baƙo ne."

"Baƙon da ba ya ko gaisuwa." Ta tsaya tana kallon gadon da ta gyara tun ran nan, wanda har yau ba wanda ya zauna a kai. Can ta ce, "Kada dai ka yi masa waƙa," ta ja ƙofa.

Kafin tsakar rana uku sun maƙale. Na zauna ina kallon ɗaya yana harba ƙafa har ya daina. Ban taɓa ganin farauta mai ladabi irin wannan ba: babu haƙori, babu gudu, babu kira. Yana kwance ne kawai yana ƙyalli, mai zuwa ya zo.

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana, a wurin aiki

Na ɗaure gora a bakin bututun esin ofishin manaja. Injiniya, mai kula da babban injinmu, ya same ni a tsugune a bayan gini, riga ta sha ƙasa.

"Malam, an yanke muku ruwa ne a gida?"

Na yi masa bayani gwargwadon iko. Ya goge hannu da tsumma, ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa rashin lafiya.

"Ciyawa mai cin nama. To, ka riƙa ƙirga yatsunka duk ka gama ba ta abinci." Ya yi dariyarsa, sannan ya sassauta murya. "Wallahi Malam, waƙar nan da ka yi wa 'yarka. Matata sau uku ta kalla a waya, sau uku tana kuka. Har 'yan uwanta ta tura wa."

Na ce na gode. Ga abin da zan rubuta, tun da babu mai karantawa: kafin kunya ta iso, daɗi ya riga ta. Na ji shi sarai, ɗan ɗumi a ƙirji, tsawon numfashi ɗaya. Wannan shi ne uban da Auta ta samu.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Cokali shida, a gefen tsakuwa, ban da kan ganye. Ba ta kira ba.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na aika mata saƙo. Niyyata layi biyu ce, in ce tsiro lafiya lau. Da na ɗaga kai sai na ga ya kai shafi, har na yi mata zancen yadda zuciyar uba take kamar rijiya, da yadda ake yanka mutum da wuƙar da aka wasa don a yi masa hidima. Na karanta sau biyu, na gyara waƙafi ɗaya, na tura.

Alamar an karanta ta fito nan take. Na riƙe wayar har ta yi duhu da kanta.

Na yi alkawarin ba zan rubuta baiti ba, amma wannan ya zo ne ina wanke cokali, kuma ba ita nake yi wa ba:

Ya kai ganye mai raɓa ba da ruwan sama ba,
Koya mini kama abin da ban kira da baki ba.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Sanyi ya fara shigowa, rana kuma tana barin tagar da wuri. Na lura da wani abu da bai yi mini daɗi ba. Sababbin ganyen da ke fitowa daga tsakiya ƙanana ne, masu kauri, a cure wuri ɗaya, kuma babu ƙyalli a jikinsu. Na sa tabarau na duba, na cire na sake dubawa. Wani ƙuda ya sauka a kan ɗaya, ya yi yawo, ya goge fuska da ƙafafunsa, ya tashi abinsa.

Manyan ganyen waje biyu sun yi ruwan ɗorawa a baki.

Na ƙara cokali biyu.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na nuna wa Injiniya hoton. Ya matsa, ya buɗa, ya murtuke fuska irin yadda yake yi wa inji in ya fara cin takarda.

"Wannan ai ramewa ce, Malam. Bari mu tambayi waya."

Ya yi ta latsawa da babban yatsansa mai baƙin mai, ya fito da hotunan tsirrai masu cin ƙwari, wasu kamar tulu, wasu kamar tarko mai haƙora, duk a cikin fadama.

"Ka gani? Danginsa a taɓo suke kwana, ƙafarsu cikin ruwa. Kai kana ba shi da cokali kamar maganin tari."

Na ce ban ga irin namu a cikin hotunan ba.

"Duk gida ɗaya ne. Ɗan kifi ai ba ya ƙin ruwa don an sa shi a kwalba."

Maganar ta shige ni, domin ta dace da abin da nake so in ji: cewa akwai abin da zan iya ƙarawa.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Rabin kofi. Ruwa ya taru a ƙasan gilashin, ana ganinsa tsakanin tsakuwa. Ba ta kira ba.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na kira surukina. Yaro ne mai kunya, bai taɓa barin wayata ta yi ƙara sau uku ba. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, kowa yana kewaye abu ɗaya.

"Tana nan lafiya, Baba. Ta koma aiki ranar Litinin."

"Tana cin abinci?"

"Tana taɓawa." Ina jin motoci a bayansa. "Sai dai ta daina bin babban titi. Mutane suna tare ta. Jiya wata mata a kantin magani ta riƙe hannunta tana karanta mata baiti. Ba da mugun nufi ba ne, Baba, kowa da kyakkyawar niyya yake yi."

Na ce ya gaya mata tsiro yana samun kulawa. Ya ce zai faɗa. Ban gaya masa tsiron yana ramewa ba.

Tun da na zo nan, bari in rubuta sau ɗaya in huta. Baiti arba'in da huɗu ne. A kan bencin asibiti na fara su, ranar da Auta ta rasa jaririn da take ɗauke da shi, a bayan takardar magani, domin an ce mu jira kuma ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Ummansu tana da hawaye, surukina yana da zirga-zirga, ni kuwa abin da nake da shi ke nan tun ina saurayi. Da taron ƙungiyarmu ta marubuta ya zo, aka ce wa ke da sabon abu, sai na ga na miƙe. Ban lura da mai ɗauka da waya ba. An tafa, wasu sun share ido. Na dawo gida ina jin na yi wa 'yata wani abu, na gina wa baƙin cikinta ɗaki mai kyau. Kwana huɗu bayan haka wata ƙawarta ta turo mata bidiyon.

Ban tambaye ta ba. Wannan shi ne dukan labarin, kuma bai kai baiti ɗaya ba.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na rufe murfin.

Na san abin da ta ce. Amma ta faɗa ne lokacin da ake zafi, yanzu kuwa da asuba gilashin har sanyi yake a hannu, kuma wanda ya rame ba a barinsa a iska. Dokar da aka kafa domin rai, idan ta juya tana cin ran, mai hankali yakan sassauta ta. Haka na yi wa kaina bayani, da jumloli masu kyau, har na gamsu.

Tun da ba ya iya kama ƙuda, na ɗiba masa ƙwanduwar dafaffen ƙwai a bakin tsinken sakace, na ɗora a tsakiya.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Gilashin ya yi gumi daga ciki, ba a ganin komai sai inuwar kore. Ummansu ta shigo da kayan da ta kwaso daga igiya, ta tsaya a kaina.

"Ba ta ce a bar shi a buɗe ba?"

"Yanayi ya sauya."

"To ka tambaye ta mana. Ga waya a hannunka kullum kamar carbi."

"In na tambaye ta, na gaya mata na kasa ke nan. Abu ɗaya ta bari a gidan nan."

Ta ajiye kayan a kan kujera, ta dube ni da kyau. Shekara talatin muna tare, na san wannan kallo, yakan zo ne kafin magana gajera.

"Kai da ka gaya wa duniya abin da ba a tambaye ka ba, yau tambaya ɗaya ta fi ƙarfinka."

Na ce saƙo uku na aika, ba amsa.

"Na gani. Ta nuna mini ɗaya da na je. Ni ma ban san ta inda zan amsa shi ba, Baban Auta. Babu ƙofa a jikinsa."

Ashe ta je. Ban san ta je ba. Ta kwashe kayan, ta hau kujerar ta mayar da wata jaka can saman durowa, jakar nan mai ƙananan kaya farare da ta ninke tun watan jiya, ta tura ta baya inda ido ba ya kaiwa. Na riƙe mata kujerar.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Rabin kofi. Ba ta kira ba.

Ɗakin ya yi faɗi, gadon ya yi sanyi,
Shirun da kika bari ya fi gilashin nauyi.

Ban tura ba.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

An dawo mini da shafi goma sha shida na littafin lissafin 'yan makaranta. Na bar kuskure bakwai, ciki har da babi guda da ya fito sau biyu. Manaja bai yi faɗa ba, ya dai ce ko ina bukatar hutu, wanda ya fi faɗa ciwo. Injiniya ya ce, "Ciyawar ce ta fara cin Malam ta ka." Da ya ga ban yi dariya ba sai ya kawo mini shayi a kofinsa, wanda ba ya ba kowa.

Jumma'a, 22 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Farar fumfuna a kan ƙwanduwar. Na cire ta da tsinke. Ƙarƙashinta ya yi duhu.

Lahadi, 24 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Da na ɗaga murfin sai wari ya bugo ni, irin na tsumman da aka manta a bokiti. Tsakiyar ta zama ruwan ƙasa, ta yi laushi. Na taɓa da gefen tsinke, sai dukan tsiron ya motsa a kan tsakuwa, kamar babu abin da ke riƙe da shi.

Na zauna a bakin gadonta. Ni ne na fara zama a kai.

Na ɗauki hoto. Na rubuta buɗewa, na goge. Na rubuta wata, na goge. Abin da na tura a ƙarshe shi ne wannan, kuma a rayuwata ban taɓa sakin magana tsirara haka ba: "Na rufe murfin, na cika ruwa, na ba shi ƙwai. Yana ruɓewa. Me zan yi?"

Minti huɗu, sai ga amsa.

"A buɗe murfin. Kada a ƙara ruwa. A ciro ƙananan ganyen da suke da tauri, a ja su ƙasa a hankali su fito da farin gindinsu. A ɗora su kan busasshen yashi a faranti. Kada a binne. Kada a jiƙa."

Bayan minti ɗaya wani saƙon ya shigo: "Ba ramewa yake ba. Barci yake. In sanyi ya zo yakan tsuke, ya daina cin ƙwari, ya ƙi ruwa har zafi ya dawo. Da an ƙyale shi da ya yi fure."

Na karanta har na haddace. Ba ta ce Baba ba, ba ta ce kai ba, duk "a" ce da "an", kamar takardar da ake liƙawa a bango. Amma minti huɗu. Kwana goma sha bakwai ina jera mata shafuka, ashe tana nan a bayan tambaya ɗaya.

Lahadi, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na aro matsefatar Ummansu, na wanke, na wanke hannuwana. Na wanke yashi na shanya a rana. Ganye goma sha ɗaya na ja. Shida sun narke tun a bakin matsefata. Biyar sun fito da farin gindinsu, kowane bai kai farcen ɗan yatsa ba. Wannan kaɗai sana'ata ta yi mini: na iya cire abu ɗaya daga cikin layi ba tare da na taɓa maƙwabcinsa ba.

Uwar tsiron na kwashe da cokali. Saiwoyinta 'yan zare ne, gajeru, ba su kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Da wannan yake riƙe da duniya, ni kuma na yi ta zuba masa kogi.

Ummansu ta miƙo mini takarda na naɗe shi. Ta ce, "Kawo in zubar." Na ce zan zubar da kaina. Yana cikin aljihuna har yanzu.

Talata, 26 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ban shayar ba. Na tsaya a kan farantin da gora a hannu, sannan na mayar da ita.

Laraba, 27 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ɗaya ya bushe, saura huɗu. Na tura hoto da kalma biyu: "Saura huɗu." Ta amsa da ɗaya: "To."

Ban san "to" tana da ɗakuna da yawa haka ba. Na shiga kowane na zauna.

Jumma'a, 29 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na wanke gilashin da ruwan esi, na shanya tsakuwar, na goge ɗan katakon da sunan yake kai. Gobe talatin ga wata. Ban san wa za a aiko ba. Na goge riga, sannan na ji kunyar gugar, na sa a ƙasan sauran.

Ummansu ta ce, "In ta zo, ka bar ta ta fara."

Na ce in ba ta fara ba fa?

"Sai ka ji yadda shiru yake in ba kai ka cika shi ba."

Asabar, 30 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ta zo da kanta.

Ƙarfe sha ɗaya surukina ya tsaya da mota a ƙofar gida, ya gaishe ni har ƙasa, ya ce zai jira a waje. Ta rame. Ta rungumi mahaifiyarta, ta ce mini "Ina kwana" tana kallon aljihun rigata, ta wuce ɗakin. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa.

Ta sunkuya kan farantin ta daɗe. Ta juya ɗaya da farce.

"An cire su da kyau."

Harshena ya yi ta motsi a baki kamar kifi a ƙwarya, na danne shi.

"Biyu za su iya fitowa. Wataƙila uku. Sai nan da wata guda za a sani." Ta ciro ɗan akwatin roba daga jaka, ta jera su ciki ɗaya bayan ɗaya, duka huɗun. Na yi zaton za ta bar mini ɗaya. Ba ta bari ba, kuma da ni ne ita da haka zan yi.

Ta rufe akwatin, ta zauna a kan kujera, bayanta gare ni, fuskarta ga taga.

"Baba, ka san abin da ya fi yi mini ciwo?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya ce, kuma ita ce amsar da ya kamata in fara da ita tun watan jiya.

"Ba karantawar ba ce. Na san ka, na san haka kake kuka. Da ka kawo mini na karanta ni kaɗai, wataƙila da na ajiye ta." Ta gyara murfin akwatin, wanda ba ya bukatar gyara. "Ka sa masa suna a waƙar."

Na ce baitin ne ya bukaci a kira shi da wani abu, kuma sunan ya zauna daidai a ƙarshen layi. Na ji maganar tana fita daga bakina, na ji irinta, amma ta riga ta fita.

"Yana da suna, Baba. Tun yana wata biyar a ciki muka zaɓa, ni da babansa. Ba mu gaya wa kowa ba, muna jira ya zo ya ji da kunnensa. Yanzu duk inda na shiga, da naka ake yi mini ta'aziyya. A wurin aiki, a kanti, har likitan da ya duba ni. Ran nan na tashi daga barci, na kira shi a zuciyata, sai naka ya fara zuwa."

Muryarta ba ta tashi ba, ba ta kuma karye ba. Ta faɗa ne kamar yadda ta rubuto mini yadda ake cire ganye.

Na buɗe baki. Akwai abubuwa da yawa a shirye, jere, kowane da adonsa. Na ce, "Na yi laifi." Ta jira ko akwai saura. Babu.

"Na ji," in ji ta.

Ta miƙe. Surukina ya shigo ya ɗauki gilashin da hannu biyu. A tsakar gida ta tsaya da mahaifiyarta, suka yi magana ƙasa-ƙasa, goshi kusa da goshi, na ga Ummansu ta rufe ido ta gyaɗa kai, leɓunanta suka motsa sau ɗaya kamar mai ɗanɗana abu. A bakin mota Auta ta ce, ba tare da ta juyo sosai ba, "In sun fito zan gaya wa Umma."

Na ce Allah ya kiyaye hanya. Motar ta tashi.

Lahadi, 1 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Ummansu ta san sunan. Na gani a fuskarta tun jiya, tana ɗauke da shi a hankali daga ɗaki zuwa ɗaki kamar kofin da ya cika.

Yau ta zuba mini shayi, ta zauna a gabana, ta naɗe hannu. Ta san na sani. Ta jira, ta ba ni lokaci mai yawa, har tururin kofin ya ragu.

"Ba za ka tambaya ba?"

"Ta ce ki gaya mini?"

"Ba ta ce ba."

"To, a bar mata."

Ta dube ni, ta tura mini sukari. Muka sha.